Hatimin Kwana Talatin, Jegon Arba'in da Huɗu

Seremban, Malesiya
12 ga Maris, 1995

Zuwa ga ƙanwata Darwisah,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun yi sallah lafiya, ke da mijinki Sidi Bakar. Mu nan ƙalau muke, sai ɗan hawan jini da likitana ya ce ba abin damuwa ba ne. Na ce likitana, don a nan kowa da nasa, ba kamar can ba da gari guda ke layi a gaban malamin asibiti ɗaya.

Katin sallarki ya iso, na gode. Amma ki daina rubuta "Uni Nurhasni" a bayan ambulan. Na san haka ake kiran babbar yaya a gida, sai dai mai kawo wasiƙa a nan da ƙarfi yake karanta suna a bakin ƙofa. Puan Hasnah ya wadatar, da Puan ake kiran uwargida a nan.

'Yata Azlina za ta haihu farkon watan Mayu. Uwar mijinta, Hajah Zabedah, tsohuwar shugabar makaranta ce, gidansu gidan manya. Duk da iliminta ta kafe sai an yi wa yarinyar jego irin na da: wankan ganye, ɗaurin ciki, gashin dutse, duk tarkacen nan. Ni shekara talatin da ɗaya rabona da waɗannan abubuwa, hannuna ya manta, kuma ban yi asarar komai ba. Ke kuwa na ji har yanzu sana'arki ke nan, kina bin gidaje da kwandon saiwoyi.

Ki zo ki yi mata. 'Yan Indonesiya ba sa buƙatar biza, fasfo kawai za ki yi a Padang, ki hau mota zuwa Dumai, jirgin ruwa ya sauke ki a Melaka. Ko ba komai kya ga gidan da ake kunna ruwan zafi daga bango kafin ki mutu.

Kada ki zo da saiwoyinki a buhu. Ki sayi akwati.

Yayarki,
Hasnah

---

Sungai Sariak, Pariaman
27 ga Maris

Zuwa ga Uni Nurhasni,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. Sidi Bakar yana fama da gwiwa, ya ce in gaishe ki in har kin tuna ko wane ne shi. Shi ne wanda ya ɗauki kwalinki a ka zuwa tasha ranar da kika tafi. Kwali na ce, don a lokacin ba ki san akwati ba.

Sunan da kakarmu ta raɗa miki shi zan rubuta. In mai kawo wasiƙa yana da murya, ki roƙe shi ya rage.

Shekara tara ba ki aiko mana da layi ɗaya ba, har Amak, uwata, ta rasu ba mu ga ta'aziyyarki ba, ita da ta shayar da ke lokacin da uwarki ke kwance. Yau ga wasiƙa shafi biyu. Da na ga kaurin ambulan na ce wa Sidi, ruwa ba ya tsami banza.

Zan zo, don Azlina jinina ce, kuma ba ita ta yi mini laifi ba. Amma akwai magana. Na tambayi Ajo Zul mai shiga da fita da kayan ɗinki, ya ce hatimin da ake buga wa baƙo kwana talatin ne. Jego kuwa mu a gida arba'in ne, can na ji arba'in da huɗu kuke yi. Kun ƙara huɗu don a san kun fi mu. To ko ni da na tsaya a aji shida na san talatin bai kai arba'in da huɗu ba. Ajo Zul ya ce wanda ya wuce kwanakinsa, ana iya rufe masa ƙasar shekaru.

Ki karanta wannan sau biyu, Uni. 'Yata Yusnimar, da ke aure a Batu Pahat, can ƙasar taku, tana da ciki wata uku, haihuwarta Satumba. Cikin fari ne. Uwar mijinta ta rasu. Ba za ta iya dawowa gida ta haihu ba, don takardar zamanta ta matar ɗan ƙasa shekara-shekara ake sabuntawa, kuma a watan nan ne take cika. Ba ta da kowa can sai ni in na je. Saboda ita nake son fasfo ɗin nan ya fito fes ya koma fes. In ba za a iya ƙara mini kwana ba, ki faɗa tun yanzu, in yi wa Azlina talatin ɗina in koma.

Ƙanwarki, 'yar ɗakin kakarki,
Darwisah

---

Seremban
10 ga Afrilu

Darwisah,

Lafiyarmu ƙalau, ƙafafun Azlina sun ɗan kumbura, likita ya ce haka ake yi.

Yanzu mai tallan zare da allura ne lauyanku a ƙauye? Allah ya kyauta. Na zauna a ƙasar nan tun Ajo Zul yana yawo ba wando. Ƙarin kwana ba komai ba ne, ofishin yana nan cikin gari, ɗan'uwan baƙo ya je da katinsa ya tsaya masa, shi ke nan. Maganar takarda ki bar mini, zan kula da ita.

A tashar Melaka in sun tambaye ki, ki ce ziyarar dangi kika zo. Kada ki ambaci aiki, ko tausa, ko jego. Mai hatimin ziyara ba ya aiki, laifi ne. Kada kuma ki tsaya ba su tarihin gwiwar Sidi Bakar.

A cikin gida ki rage magana. Hajah Zabedah ba ta son hayaniya, kuma yarenmu yana da ƙara a kunnen wanda bai saba ba. In muna gaban mutane ki kira ni Puan, haka ake yi a nan, ba wani abu ba ne.

Mijin Azlina, Kamarul, zai tarbe ki ranar biyu ga Mayu. Ki sa takalmi mai rufe yatsu.

Hasnah

---

Seremban
5 ga Yuli

Darwisah,

Ina fatan kin isa lafiya. Na ce ina fata, don ban sani ba. Kwana goma sha bakwai ke nan da Kamarul ya ajiye ki a Melaka, ko katin gaisuwa ba mu gani ba. Hajah Zabedah ta tambaye ni sau biyu. Mutum ya ci abincin gida wata ɗaya da rabi, a ɗinka masa kaya kala biyu, ya tafi kamar an kore shi. Na san ba a koyar da irin wannan a Sungai Sariak, amma ai kin ga yadda ake yi a nan.

Azlina ta warware sarai, cikinta ya koma kamar ba ta haihu ba, jaririn yana ta ƙiba. Gaskiya hannunki yana da kyau, wannan ban hana ki ba. Ƙawayen Hajah har sun fara tambaya ko za a same ki nan gaba.

Kin manta dutsen gashinki a bayan kicin. In jefar ko akwai mai zuwa?

Ki rubuto, ko layi biyu ne.

Hasnah

---

Sungai Sariak
24 ga Yuli

Uni Nurhasni,

Lafiya muke. Na rame, amma da raina. Kina son sanin ko na isa, to na isa, ranar ɗaya ga wannan wata. Kwana goma sha ɗaya daga cikin waɗanda kike ƙirgawa na yi su ne a ɗakin tsare baƙi, a kan siminti, da mata arba'in da bokiti biyu. A can ba a sayar da katin gaisuwa.

Bari in fara daga farko, tunda ke mai mantuwa ce.

Ranar da na shiga gidan, ban ma ajiye akwatin da kika sa na saya ba, kika kama kafaɗata da yatsa biyu kika ce wa Hajah Zabedah, "Ga mai tausar da na samo daga Indonesiya, an ce ta iya." An ce. Ni da ke da muka kwana a tabarma ɗaya shekara goma sha huɗu. Na dube ki, kika dubi labule. Na haɗiye, don daga ɗaki ina jin nishin Azlina.

Kwana ashirin da hatimina na same ki a kicin na ce, "Uni, takardar fa?" Kika ce, "Puan. Kuma ana kai." Kwana ashirin da bakwai na sake tambaya, kika ce, "An gama, ki daina bin ni kamar kaza." A ranar ne zazzaɓin nono ya kama Azlina. Tana rawar sanyi ta riƙe hannuna ta ce, "Etek, kada ki tafi." Etek, yadda 'ya'yanmu ke kiran ƙanwar uwa. Ta faɗa a hankali tana kallon ƙofa, ashe ita ma kin koya mata tsoron kalmar. Wannan kalma ce ta zaunar da ni, ba ruwan zafinku na bango ba. Ko kwana ɗaya ban roƙa in je Batu Pahat in ga Yusnimar ba, tafiyar awa uku. Na ce ai Satumba na nan.

Ranar tafiya Hajah Zabedah ta ba ni farin ambulan. Ta ce, "Mak Wisah, ga takardarki, ki adana, za ta yi miki amfani." Kina tsaye a wurin. Na buɗe a mota, Turanci ne, da sa hannu da hatimi a ƙasa. Na ce alhamdulillahi, Uni ta cika alkawari.

A tasha jami'in ya juya fasfo ɗina, ya kira ni Mak Cik, wato inna, ya ce, "Mak Cik, kin wuce da kwana goma sha bakwai."

Na ce, "Ɗana, an ƙara mini, ga takarda." Har da murmushina na miƙa masa.

Ya karanta. Ya kira na kusa da shi, shi ma ya karanta. Ya ce, "Mak Cik, kin san abin da aka rubuta a nan?"

Na ce, "Ƙarin kwana mana."

Ya ce, "Shaidar aiki ce. Ta ce kin yi musu aiki kwana arba'in da huɗu, ba ki da sata, ba ki da ƙiwa, duk mai neman mai jego ya ɗauke ki." Ya sosa ƙeya ya ce, "Ke da kanki kika kawo mana, ko tambaya ba mu yi ba."

Na ce gidan yayata na zauna. Ya ce in haka ne a kira ta ta zo da katinta ta faɗa, abin zai yi sauƙi. Na ba su lambar gidanki. Suka kira a gabana. Ya ajiye wayar ya ce, "Matar ta ce ba ta da ƙanwa, a kira wata lambar." Muryarki na ji, Uni, tana fitowa daga kan wayar ƙarama kamar ta sauro. Sannan ki rubuto mini wai ba ki san ko na isa ba.

Mijin Yusnimar ne, Mat Jais, direban babbar mota, wanda ba ki taɓa gayyata gidanki ba, ya yi ta zirga-zirga har aka sallame ni. Ya ɓoye wa matarsa sai da na hau jirgi. An buga mini jan hatimi a shafi na huɗu. Shekara biyar ba ni ba ƙasar.

Hajah Zabedah kuwa, tsohuwar nan da zuciya ɗaya ta rubuta takardarta. Abin da kika gaya mata shi ta sani.

Dutsen ki ajiye, ya fi ki nauyi a wurina.

Darwisah

---

Seremban
9 ga Agusta

Darwisah,

Wasiƙarki ta zo, jinina ya hau, kwana biyu ina kwance. Yanzu da sauƙi.

Kina da baki, tun muna yara haka kike. Amma wa ya ce ki miƙa wa jami'i takardar da ba ki karanta ba? Ko yaron makaranta ya san wannan. Da kin yi shiru, da tara kawai za a ci ki. Kuma ranar da aka kira, Hajah Zabedah tana zaune a falo, taku uku daga wayar. Me kike so in ce?

Tunda kin matsa, ga gaskiya. Na je ofishin. Sau biyu na je. Na farko na karɓo fom, na ga inda aka ce mai tsayawa ya rubuta dangantaka ya haɗa hoton katinsa. Na biyu Kamarul ya ce sai ya kai ni ya shiga tare da ni, wai yana da aboki a ciki. Katina ja ne, Darwisah. Na 'yan ƙasa shuɗi ne, nawa na baƙon da aka bari ya zauna. Shekara talatin da ɗaya, takardar neman zama 'yar ƙasa huɗu na cike, har mijina ya rasu bai zama shuɗi ba. Gidan su Kamarul sun san ni a matsayin 'yar Rembau, haihuwar nan. Kin ji da kunnenki abin da suke cewa a kan tebur game da 'yan Indon, masu wanki da masu kwasar bola. Kina so Azlina ta zauna a wannan tebur a matsayin 'yar ɗaya daga cikinsu? Na ce wa Kamarul cikina ya murɗa, muka juyo daga bakin ƙofa.

Ke ba ki san wahalar gina suna ba. A ƙauye kowa ya san kakan kowa, ba wanda ke neman katinki.

Shekara biyar ba mutuwa ba ce. Matan duniya nawa ne ke haihuwa ba uwa a kusa? Akwai asibiti a Batu Pahat, mai kyau ma, ya fi na Padang. Zan aika wa Yusnimar kayan jariri ta gidan waya, masu tsada, ba irin na kasuwar Pariaman ba. Zuwa da kaina zai yi wuya, unguwarsu cike take da mutanen garinmu, wani zai gane ni.

Ki yi haƙuri in akwai abin haƙuri.

Hasnah

---

Sungai Sariak
3 ga Satumba

Uni,

Ba zan tsaya gaisuwa ba, lafiyarki na gani a rubutunki.

Yusnimar ta haihu shekaranjiya, mace, sati biyu kafin lokaci. Mat Jais ya kira shagon waya na kasuwa, aka aiko aka kira ni. Ta zubar da jini sosai, an ƙara mata. Gobe za a sallame ta ta koma ɗaki ɗaya a hawa na uku, mijinta yana kan hanya kwana huɗu a mako. Ya ɗora mata wayar a kunne. Ba ta ce komai ba sai, "Amak, wa zai ɗaure mini ciki?" Na ɗaure cikin mata sun fi ɗari uku a gundumar nan. Na tsaya a shagon mutane ina kuka har mai shagon ya kashe rediyonsa.

Na karanta labarin jan katinki. Da na so in ji tausayinki, sai na tuna nawa jan hatimin ke kika sa aka buga. Shekara talatin da ɗaya kina ɓoye kati a ƙasan jaka, kina gyara harshe, kina dariya in an zagi uwarki a kan tebur, kuma har yau baƙuwa ce ke. Ni ko siminti na kwana na san 'yar waye ni. Kin ce ban san wahalar gina suna ba. Gaskiya ne, nawa ba ni na gina ba, gado na ci.

Ban yafe ba. Ba kuma yafiya na zo sayarwa ba. Amma na duba ƙasar nan taku daga sama har ƙasa, jinin kakarmu da ke iya hawa mota ya je Batu Pahat ba tare da an nemi fasfonsa ba, ke kaɗai ce. Wannan shi ne ƙarshen wulaƙancin da kika yi mini, in zauna in roƙe ki.

Ki riƙe kayan jaririnki masu tsada. Ki ɗauki jakarki ki je.

Wanka safe da yamma, ruwan ya yi zafi amma ki gwada da gwiwar hannu. Ganyen lemun tsami, citta, ganyen pandan mai ƙamshi, duk akwai su a kasuwa, kin san su, ke kike tsinko wa Amak. Gashin dutse sai bayan kwana bakwai, tunda ta yi jini, a naɗe shi da ganye da zane ninki uku, kada ya taɓa ƙasan mara. Ɗaurin ciki daga ƙugu ake farawa a hau sama, tana kwance, ba tana tsaye ba. Kada ta sha ruwan sanyi ko ta roƙe ki. Farfesun kifi da barkono baƙi kullum. In kika ga jinin ya dawo ja, ko jikinta ya yi zafi, ki bar ganye ki kai ta asibiti a take. Yarinyar ba ta faɗin ciwo, sai kin dubi idonta.

Kin ce hannunki ya manta. Hannu ba ya mantuwa, mai hannun ce ke yi.

In tsoronki mutanen garinmu, ki rufe fuska da gyale. In maƙwabta suka tambayi ko ke wace ce, ki ce mai tausa ce aka samo daga Seremban, an ce ta iya. Na yi miki izini, Yusnimar ma zan gaya mata ta kira ki Puan. Ba dangantaka nake nema ba, hannu biyu nake nema.

Kwana arba'in da huɗu ne, Uni. Ke ba mai ƙirga miki.

Darwisah